Shekarar da na kakkaɓe sheƙar marai

Har in koma ga Allah ba zan manta da daminar shekarar da aka samu 'yancin kai ba. Mutane na ta murna, ni kuwa ina fama da tsuntsu a fadamarmu ta Illo, kusa da iyakar Dahome. A shekarar mahaifina ya kwanta ciwo, gonar shinkafa ta dawo wuyana.

Akwai wata bishiyar marke a bakin ruwa da tsuntsayen marai suka mayar gari. Namijin rawaya ne, kansa baƙi, idonsa ja. Yakan tsago ganyen ciyawa ya saƙa sheƙa mai baki a ƙasa, ya rataye yana karkaɗa fiffike. In macen ta leƙa ba ta yi mata ba, ya sake wata. Tun asuba suke surutu, ga ɓarnar da suka yi mana bara. Na gaji, wallahi na gaji. Ran nan na ɗauki gora na kakkaɓe sheƙunan kaf, har ina jin na yi abin kai.

Bayan kwana biyu wani tsohon masunci, aminin mahaifina, ya tsaya da jirginsa a gindin marken. Ya daɗe yana kallon rassan.

"Wa yak kaɓe su?"

Na ce ni ne, Baba.

"Kai ɗan nan! To bana da mi za mu auna ruwa? In sun yi sheƙa bisa, ruwa na tahe da yawa, sai a ja baya da shuka zuwa tudu. Ubanka bai taɓa zuba iri ba sai ya dubi iccen ga."

Ni ban ma lura ko sama suke ko ƙasa ba. Kunya ta hana ni gaya wa mahaifina, na zuba irin a kwari inda aka zuba bara. Kogin Kwara ya cika ya shanye gonar tun shinkafar ba ta kai gwiwa ba. Gero muka riƙa aunawa a kofi har kaka ta zagayo, mara lafiya ma da kunu tsararo ya yi jinya. Bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi ci mini rai.

Tun daga nan, in na tarar manya sun bar abu a wurinsa, komai damuna da ya yi, sai na tambayi dalili kafin in ɗaga hannu.