Sifilin da ya kai ni Jos

Mun tashi da asuba daga Toro, ni da ƙanwata, na ƙulle 'yar na'urar ɗaukar murya a bakin zani. Wata biyu kafin Inna ta rasu na sa ta ba ni labarin zamansu a Bukuru lokacin haƙar kuza. Duk sanda na danna ajiyewa sai gilashin ya nuna 0. Ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da jikoki uku, na san sifili sarai, shi malama ke zana wa wadda ba ta ci komai ba. Sai in ce Inna ta sake. Sau huɗu ta ba da labarin tana zagina. A na biyar na'urar ta nuna -28, ta ƙi ɗauka. Ban ƙara taɓa ta ba, na ɗauka muryar uwata ta tafi ke nan.

Direbanmu bai bar rami ko ɗaya ba. A Farin Gada muka sauka, sanyi yana shiga ƙashi, kabeji da karas jibge a ƙasa, arha har ta ba ni haushi. Muka ci waina da miyar taushe a tsaye, muka nufi unguwar Kwararafa, wurin wani mai gyaran na'urori.

Mai gyaran Ibo ne, Hausarsa ta Jos, mace da namiji duk "ka". Ya jona na'urar da kwamfuta, ya ce masu haɗa ta haka suka tsara: in aka sa ta aiki, da lamba take amsawa. Lamba mai alamar ragewa matsala ce, kowace da ma'anarta. Ta -2 ba a ga abin ba, ta -28 wuri ya cika. Na ce to sifili fa, oga?

"Mama, sifili lafiya lau ne. Ba ka yi asara ba, cika shi ka yi."

Ya danna. Inna ta yi gyaran murya a shagon nan, ƙanwata ta zauna a ƙasa. Duk huɗun suna nan, kuma kowanne da abin da ta tuno sabo. Mai gyaran ya kwashe mini su a faifai, na'urar ta sami wuri.

Kafin la'asar muna gida. Abin da na koyo shi ne, na'ura ba ƙarya ta yi mini ba, ni ce ban tambayi me take nufi ba. Washegari na je wurin Baffa, shi kaɗai ya rage cikin tsofaffinmu. Sau ɗaya ya faɗa wa na'urar nasa labarin, na ga 0, na yi masa godiya.