Ranar da aka kashe inji don sallarmu

Jiya da azahar Inna Hajara ta ajiye ƙwaryarta, ta ce ta bar aiki.

A wurin matsar man gyaɗa da muke aiki a Tanut, ita ce babbarmu. Saboda tana nan ne mahaifiyata ta yarda na zo. In ta tafi, ni ma sai gida.

Mai wurin ya biyo ta bakin ƙofa. "Haba Inna, me aka yi miki?"

Ta ce, "Ɗana, lokacin salla na yi, mazan nan su tafi masallaci, mu a bar mu muna zuba wa inji gyaɗa. Kullum sai na rama azahar. Mu mata ba da mu ake kiran sallar ba ne?"

Ya sosa ƙeya. Sai ya koma ciki ya kashe injin da kansa, ya ce a kawo mana buta da tabarma.

Wurin ya yi tsit. Sai ga muryar ladan tana shigowa ta taga. Ashe kullum tana zuwa har nan, ƙarar inji ce ke rufe ta.

Yau tare muka zo aiki da Inna.

'Yan'uwana mata, ku a wurin aikinku ana tsaya muku ku yi salla?