Tabon da ya goge

Mai Gyara ake ce masa a layin, ko da yake bai taɓa buɗe cikin rediyo ba. Fuskoki yake gyarawa. Shagonsa ɗan lungu ne tsakanin tela da mai aski, da teburi, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da burushi siriri kamar gashin ido. A kawo masa tsohon hoto, ya kankare kuraje da bakin reza, ya bi wurin da fenti, ya cike giɓi, ya mayar da tsoho saurayi. Tun kafin waya ta ƙwace sana'ar yake yinta, har bayansa ya ranƙwafa. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Aikin ya ɓata masa ido. Kana gaishe shi yana kallon goshinka, a ransa yana share maka layi biyu. Matarsa takan ce, "Malam, ni kake kallo ko aiki?" Sai ya yi dariya ya ce duk ɗaya ne.

Bayan rasuwarta, 'yarsu ta kawo masa hoton marigayiyar, shi ke nan guda ɗaya da ta taɓa yarda aka ɗauke ta. Ruwa ya ɓata gefensa.

"Baba, gefen nan kawai. Don Allah kada ka taɓa fuskar."

"Yau kuma ke za ki koya mini aikina?"

Da safe ya zauna, ya gama gefen. Amma hannun da ya saba ba ya neman izini. Ya hau mayafi, ya gangaro kunci, kafin ya ankara reza ta cinye tabon ƙunar da ke haɓarta. Fuska ta fito sumul. Abin haushi, har daɗin aikin ya ji.

'Yar ta dawo, ta daɗe tana kallon hoton.

"Baba, wannan wace ce?"

"Uwarki mana."

"Ina tabonta? Nan nake ɗora yatsa ina ƙarama, in ta kwantar da ni a cinya." Ba ta ɗaga murya ba. "Mayar mata da abinta."

Ya jawo fitila, ya dama fenti, ya tsoma burushi. Sai hannunsa ya tsaya cak. Aikin ya yi kyau, har shi kansa bai gane wurin ba. Ya rufe ido ya nemo fuskar matarsa, ta zo masa sumul, yadda ya yi ta gyara ta a ransa duk zamansu.

Kunya ta kama shi. A hankali ya ce, "Ta dama yake ko ta hagu?"

'Yar ta dube shi, idonta ya ciko. Ta zare hoton daga ƙarƙashin hannunsa ta sa a jaka.

"Bar shi, Baba. Ni na san inda yake."

Ta fita. Yana nan zaune har fentin ya bushe a bakin burushi.