Dalilin da tuwon Baba ke hucewa

Shekarun baya, da mahaifinmu ya kusa cika shekara da rasuwa, 'yan'uwa suka ɗora mini aikin haɗa bidiyon da za a nuna ranar addu'ar tunawa da shi a gidanmu na Ƙarfi. Hujjarsu kawai ni ne mai babbar waya. Na bi dangi na tattaro duk abin da aka taɓa ɗauka, na aure, na Kirsimeti, na godiyar girbi a coci, har da wani tsohon faifai da ya sha karce.

Abin da ya fi damuna mahaifiyata ce. Baba manomin auduga ne mai kunya irin ta mutanen da. Bai taɓa kiran sunanta ba, a cikin taro kuwa sai ka rantse bai san ta ba. Bayan rasuwarsa ta daina zancensa gaba ɗaya. Wata rana tana tsintar wake ta ce mini ita ba ta sani ba ko zaman haƙuri kawai ya yi da ita, tunda har ya koma ga Allah bai taɓa faɗa mata kalma mai daɗi ba. Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Na hau mota zuwa Funtua wurin abokina mai tace bidiyo. Na je da tsarina: a fara da jawabin fasto, a sa jawabin Baba na ranar auren yayata, a bi da kiɗa mai taushi. Ina ta zuba umarni kamar wani darakta, ni da ko yanke bidiyo ban iya ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce al'adarsa sai ya kashe sauti ya kalli komai tukuna, domin mai magana kowa ya riga ya gan shi, labarin yakan ɓuya ne a gefen hoto. Na ce a raina, iyayi dai.

Da na koma wurinsa, na tarar ya zubar da jawaban nan kaf. Har na fara kumfar baki, ya ce in zauna in kalla.

Ga Baba a ɓangaren maza ranar wani aure, an ajiye masa kwano, kowa na ci, shi hannunsa na kan gwiwa, yana satar kallon ɓangaren mata. Sai hoton ya koma kan mahaifiyata ana miƙa mata nata. Sai ya dawo kan Baba, ya saukar da kai ya sa hannu. Kirsimeti, haka. Godiyar girbi, haka, gemunsa na ƙara fari daga wannan taro zuwa wancan, halin bai canja ba. Mu duk zatonmu doguwar addu'a yake yi kafin ya ci.

Na tambaye shi ko shi ya jona hotunan don su ba da wannan ma'ana. Ya ce mai tacewa na iya shirya ƙarya da haka, shi ya sa bai yarda ba sai da ya sami shaida. Ya buɗe tsohon faifan nan, inda mai ɗauka ya tsaya daga nesa ya kama su biyun a hoto ɗaya. Ga ta ta karɓi kwano, ga shi ya fara ci. Ba yanka ko ɗaya.

Ranar taro da la'asar aka tada janareto, aka fito da talabijin tsakar gida. Mahaifiyata ta kalla har ƙarshe, sai ta ce a maimaita. A karo na biyu ta rufe baki da gefen gyalenta, dariya da kuka suka haɗe mata.

"Shekara da shekaru ina masa faɗa yana barin tuwo ya huce," in ji ta. "Ashe ni yake jira."

Har yau abin na ba ni mamaki. Hotunan nan sun daɗe a wayoyinmu, kowa ya gan su, amma sai da wani ya san abin da zai cire da abin da zai jera kusa da juna, sannan muka ji maganar da Baba ya yi ta yi bai buɗe baki ba.

Tun daga ranar ta dawo da ba mu labarinsa. Kuma duk taron da aka yi a gidan, na lura in an miƙa mata kwano takan dubi gindin darbejiyar da yake zama, ta ce a hankali, "An ba ni, maigida. Ci abinka."