Goran Ƙarshe na Garba Wanzami

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Garba Wanzami. Na san masu irin wannan rubutu sun fi son su jira shekara biyar ko goma, lissafin da ya fi daɗin faɗi. Ni shida na jira, domin jaririn da Baba ya yi wa askin suna shekara shida yake ɗauka kafin ya isa ƙofar aji ɗaya, kuma a bana ne jariran ƙarshe da askarsa ta taɓa kansu suka isa wannan ƙofa. 'Yata Saratu na cikinsu, ita ce ma ta ƙarshe.

Ƙauyenmu na bakin gulbin Rima, gero da damina, albasa da rani. Duk gidan da aka yi haihuwa, ranar bakwai Baba na can da sassafe, rataye da zabirarsa ta kayan aski. In ya gama aske kan jariri aka raba goro da dabino, sai ya ɗauki dabino ɗaya ya ci, ya jefa ƙwallon a aljihu. Da ya dawo gida sai ya saka shi cikin goran duma. Kowace shekara da goranta, daga girbin gero zuwa wani girbin gero, kuma duk a rataye suke a rufin zaurenmu, jere, babba na bin ƙarami. Baba bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma ka tambaye shi yara nawa aka haifa a garin shekara uku da suka wuce, sai ya miƙa hannu sama ya sauko maka da amsa.

Ina ƙarami nakan kwanta a zauren da rana tsaka, lokacin da gari ya yi tsit, iska ta shigo daga wajen fadama ta riƙa kaɗa gorunan a hankali. Ƙwallayen na motsi ciki, ƙaras-ƙaras, ni kuwa tsakanin barci da ido biyu sai in ji kamar yara ne ke hira can nesa. Wata rana kuma sai in ga Baba ya shigo shiru, ya sauke gora ɗaya, ya zaro ƙwallo ɗaya, ya zagaya bayan rumbu ya tona ƙasa ya rufe shi. Mun san an yi rashin yaro a wani gida.

Abin ya samo asali ne daga shekarar da ƙanwata ta shiga makaranta. An kai su ajin farko aka tarar ba wurin zama, rabinsu suka ƙare a gindin bishiyar bedi, malami ɗaya na kai da komowa tsakanin ɗaki da inuwa. Iyaye suka taru suna ta hayaniya, hedimasta na share gumi.

“Wa yas san sun kai haka?” in ji shi. “Ba wanda yah hwaɗa muna.”

Baba ya ce, “Ni na sani, Malam. Ni niy yi musu aski duka. Ba a dai tambaye ni ba.”

Aka yi dariya aka watse. Shi bai ɗauke ta wasa ba. A sunan da ya biyo baya ya fara ajiye ƙwallon dabino, kuma ya yanke wa kansa doka: duk goran da yaransa suka cika shekara huɗu, a kai shi gaban masu kula da makarantu, don su sami shekara biyu ta shiri kafin yaran su iso.

Ni na fara kai Baba ofishin ilimi a bayan mashin, ina saurayi, ina ji da kaina. Zan faɗi gaskiya, kunya ta kusa kashe ni ranar. Mutane na shiga da takardu cikin fayil, ubana na shiga da gora a hammata. Da aka ba shi izini ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya miƙe, ya cire toshiyar ya zazzage ƙwallayen a kan teburin jami'in ilimi. Wasu suka gangara ƙasa. Wani matashin akawu da ke gefe ya kifa kai yana ƙyalƙyala dariya, ni kuwa, da yake zuciyata a kusa take, har na yunƙura. Baba ya dafe mini gwiwa ba tare da ya dube ni ba.

“Baba, mi na wanga?” jami'in ya tambaya.

“Ranka shi daɗe, ɗiyan garinmu na. Shekara biyu ta rage su iso makaranta.”

“Ai mu da rajista muka aiki.”

“Rajistarku waɗanda sunka iso taka ƙirgawa,” in ji Baba. “Goran ga nau, waɗanda ka bisa hanya shika ƙirgawa. Na san gidanku ana noman albasa. Sai iri ya isa dashe kuka hwara gyaran wurin da za ku dasa shi?”

Jami'in ya jawo takarda ya fara ƙirga ƙwallayen da bakin biro. Ba a yi mana gini a shekarar ba, ba a kuma yi a ta gaba ba. Baba bai yi fushi ba, bai kuma fasa ba. Kowace shekara sai ya koma da sabon gora da ƙarin iyaye, yau mutum uku, baɗi mutum goma, masunta da manoma da mai shayin bakin tasha. Suka koyi lokacin da ake tsara kasafin kuɗi, suka daina zuwa bayan an rufe magana. Suka ce a sa musu ɗakuna da malamai cikin tsari, su kuma sun ɗauki nauyin bulo da yashi da ɗiban ruwa. A ƙarshe aka ƙara ɗakuna biyu. Ranar da aka ɗora kwanon rufi Baba ya zauna a inuwar ginin har la'asar, yana kallo kawai.

Askin ƙarshe da ya yi na Saratu ne. Lokacin ciwo ya riga ya ci jikinsa, hannunsa na rawa, har na so in kira wani wanzamin. Ya harare ni, na fasa. Da askar ta sauka a kan jaririyar sai rawar ta tsaya cak. Ya gama, ya ɗauki dabinonsa, ya daɗe yana tsotsa don haƙoran sun ƙare, sannan ya sa na sauko masa da goran shekarar ya jefa ƙwallon da kansa.

“Bello,” ya ce, “wanga kai za ka kai shi. In sun shekara huɗu ka ɗauka, kada ka jira.”

Na ce, “To, Baba.” Bayan kwana goma sha ɗaya muka kai shi makwancinsa.

Ban kai goran ba. Wannan ce maganar da ta sa na ɗauki alƙalami, kuma ba ni da wata hujja mai kyau. Da yaran suka shekara huɗu ina can ina fama da buhunan albasa tsakanin kasuwar Goronyo da Wurno, ina cewa sai bayan kasuwa ta lafa. Ta lafa, na ce sai bayan damina. Can ƙasan zuciyata kuma tsohuwar kunyar nan ce, dariyar akawun nan da ban taɓa mantawa ba. Ni da ke da waya a aljihu, in shiga ofis da goran duma? Gorunan da suka riga shi ma haka suka tsufa a rufin zaure, gizo-gizo ya yi musu saƙa, iska na kaɗa su, ina wucewa ta ƙarƙashinsu kullum kamar ban ji ba.

Garin kuwa bai tsaya jirana ba. Haihuwa ta ƙaru, iyayen da a da ba sa sa 'ya'ya mata makaranta yanzu da kansu suke rako su. Sannan ga 'yan'uwanmu daga ƙauyukan wajen Rabah, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gidajensu, sun zo sun kafa bukkoki a gabashin gari da yaransu. Ɗakuna biyun Baba, da muke ganin sun isa har jikokinmu, yanzu yara na zaune a cikinsu gwiwa na gugar gwiwa, wasu a bakin ƙofa, wasu na leƙe ta taga.

Nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce da ya ga wannan. Wani lokaci ina zaune a rumfar albasa da azahar, zafi ya sa ido na lumshewa, sai in gan shi yana tafe a bakin magudanar ruwan madatsar Goronyo, da zabirarsa, bayansa kuma jerin yara masu sabon aski, kawunansu na ƙyalli a rana, layin ya miƙe har inda ido ba ya kaiwa. Ba ya sauri, ba ya waiwaye. Ina jin ba yawan yaran ne zai ba shi mamaki ba, don shi bai taɓa ganin yaro ya ce ya yi yawa ba. Abin da zai tambaya shi ne wa ke ƙirga su yanzu, kuma wa ya je ya faɗa.

Ranar da aka koma makaranta bana Saratu ta tashi tun asuba, ta sa sabon hijabinta, ta rungumi jakar da ta fi ƙarfinta. Kafin hantsi sai ga ta ta dawo tare da wasu yara. An ce aji ɗaya ya cika, su jira a ga yadda za a yi. Na tashi a fusace zan tafi makarantar, bakina cike da maganganu, har da waɗanda nake jin kunyar maimaitawa, cewa baƙi sun zo sun cinye wa 'ya'yan gari wuri. Ina neman takalmina a zaure sai na ga ta tsaya tana kallon sama. Tun tana ƙarama nake nuna mata goran nan ina alfahari, ina cewa ƙwallon ƙarshe nata ne.

“Baba,” ta ce, “ba kac ce Kaka ya sa ni cikin gora ba? To mi yas sa Malam yac ce bai san da ni ba?”

Na zauna a ƙasa da takalmi ɗaya a ƙafa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiya ba, kuma ta shafe waccan tsohuwar kunyar gaba ɗaya. Malam bai san da ita ba ne don ni ban je na faɗa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na sauke goran, na kakkaɓe shi, na tara iyaye a ƙofar gidanmu. Tsofaffin da suka yi tafiya da Baba suka gane shi nan take, ɗayansu har ya share ido da hannun riga. Muna cikin magana sai wata tsohuwa daga bukkokin gabas, Inna Hauwa, wadda ke riƙon jikokinta huɗu, ta matso da wani abu ƙulle a bakin zanenta.

“Mu namu ɗiyan ba nan anka yi musu aski ba,” ta ce. “Ana sa su ciki?”

Ta kwance ƙullin. Ba ta da dabino, ƙwallayen magarya ta tsinto, guda huɗu. Na tuna maganar da na yi a zaure, na kasa haɗa ido da ita. Na miƙa mata goran da hannu biyu na ce, “Sa su, Inna.” Kafin la'asar maganar ta zagaya bukkokin, mutane na ta zuwa da ƙwallayen magarya da na aduwa, har goran ya cika ya ƙi karɓa, muka ƙara da kwanon sha.

Mun kai su ofis, mu fiye da cikin mota ɗaya. Ni na zazzage su a kan tebur da hannuna, kuma ba wanda ya yi dariya. Wani dattijon masinja ya dubi ƙwallayen ya tambaye ni ina tsohon nan mai gora, na ce masa ya rasu, ya yi masa addu'a. An karɓi bayaninmu, an rubuta, an ce za a duba a tsarin da ke tafe. Ba zan ce muku an yi alkawari ba, kuma na san daga Baba cewa zuwa ɗaya ba ya gina aji. Muka dawo muka kafa rumfar kara a jikin bangon makarantar, hedimasta ya ba mu malami ɗaya. Can Saratu ke zaune yanzu, a kan tabarma, ita da jikokin Inna Hauwa. In hadari ya taso a sallame su. Shekara biyun da na ɓata Saratu ce ke biyan su, kuma ba abin da zan rubuta a jarida da zai sauya haka.

Askar Baba ta yi tsatsa, zabirarsa fatar ta bushe, ni ban gaji sana'arsa ba. Ɗakunansa biyu ma wata rana za su tsufa a rushe su. Abin da ya rage nasa, in na auna, wannan ɗabi'a ce ta mutumin da ba shi da muƙami, ba shi da boko, amma ya ɗauka cewa tun ranar da aka raɗa wa yaro suna ya kamata wani ya fara tanadar masa wurin zama. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa.

Na sayi sabon gora a kasuwar Goronyo. Ni ba wanzami ba ne, amma yanzu ba sunan da ke wuce ni, na cikin gari da na bukkoki, har abokan kasuwa na tsokanata wai na zama sarkin cin dabinon banza. Shekaranjiya Saratu ta dawo daga rumfarsu, ƙafafunta duk laka, ta tarar ina rataye shi. Ta ce in ba ta. Ta kara shi a kunne ta girgiza.

“Su nawa na ciki?”

“Uku,” na ce. “Jarirai na tukuna.”

Ta miƙo mini goran. “To ka kai su da wuri, Baba. Kada su zamna waje.”