Ranar da Katin Hoton Kwamfutata Ya Ƙone

Ina ɗaukar bidiyon bikin mata a Gumel, domin gidaje da yawa ba sa son namiji ya shiga cikin gida da kyamara. A wata bazara mai tsananin zafi na ɗauki wani biki a Gagarawa. Uwar amarya, wata Hajiya mai kaifin harshe, ta ce lallai in gama aikin kafin Alhamis. Ranar za ta bi motar kasuwar Maigatari ta wuce Damagaram, ta kai wa mahaifiyarta da ciwon ƙafa ya hana zuwa bikin.

Ina tsakiyar haɗa bidiyon sai fuskar kwamfutar ta cika da layuka, sannan ta yi baƙi. Na ji ƙaurin roba. Na kira yayana, mai gyaran kwamfuta a bakin tasha. Ya buɗe, ya shinshina, ya zaro wani faifai mai fanka biyu.

"Katin hoto ne ya ƙone," in ji shi. "Shi ke ɗaukar nauyin bidiyon. Zafi da wutar janareto sun gama da shi."

Ya buga wa wani dila a Kano, ya buɗe muryar wayar don in ji. Dilan ya ce iri biyu ne a hannunsa. Na farko na kamfanin da ya cika kasuwa ne, kusan duk mai situdiyo shi yake sawa, amma da tsada. Na biyu na wani kamfani ne, ƙarfinsu ɗaya, ya fi araha nesa ba kusa ba, sai dai masu shi ba su da yawa.

"Ɗauki na farko," in ji Yaya. "Ko a Sule Tankarkar ya ba ki matsala, za a samu wanda ya san kansa. Wancan kuwa ko ni ban taɓa sa shi ba."

"Yaya, ƙarfina bai kai ba."

"To akwai na hannu a Maigatari."

Wannan na ƙi tun kafin ya rufe baki. Ban san wahalar da ya sha a hannun mai shi na farko ba. Na ce a turo na biyu. Yaya ya mayar da sukurori cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya.

Direban da aka ba saƙon bai iso ba sai safiyar Alhamis ɗin. Yaya ya sa katin, kwamfuta ta tashi, amma da na buɗe bidiyon sai amarya ta fito koriya shar. A daidai lokacin Hajiya ta yi sallama da jakarta, ta zauna a kan benci.

"'Yar nan, mota tana lodi."

"Yanzu, Hajiya, in sha Allah."

Yaya ya ce katin yana buƙatar manhajarsa, sai an sauko da ita. Sabis na zuwa yana ɗaukewa. Ya fita tsakar rana da waya a sama, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ni kuma ina tare fuskar kwamfutar da jikina kada Hajiya ta ga 'yarta koriya. Sau biyu direban motar ya kira ta. A na biyun ta miƙe ta saɓa jaka, na riƙe mata hannu ina roƙo.

Da manhajar ta shiga, fuskar amarya ta dawo daidai. Na danna fitar da bidiyon, muka zura wa layin da ke nuna ci gaban aikin ido yana tafiya, fanka na kuka. Da ya cika, na zuba bidiyon a filashi.

Hajiya ta karɓi filashin ta ɗaure a bakin mayafi, ta hau Keke Napep ba ko sallama. Bayan kwanaki ta kira ni daga Damagaram, ta ce tsohuwa ta sa an maimaita mata wajen kamu har ta yi hawaye.

Katin yana nan yana aiki. Yaya dai har yau na farkon yake ba mutane shawara su saya, amma ya haɗa min fanka babba a gefen akwatin kwamfutar, ya kuma hana ni kunna kwamfuta da azahar.