Laraba da Dogon Haƙori

Laraba 'yar Gideon gajera ce, sai ta taka bulo take kaiwa ga akwatin wuta, amma duk wani famfon sola daga Tsohon Birnin Gwari zuwa Damari ya san hannunta. A Kaduna ta koyo aikin. Ranar da ta dawo da jakar kayan aiki an yi mata dariya, har da ni. Yanzu mun yi shiru, bakinmu cike da ruwa.

Bara aka kira ta ƙauyenmu. Mata sun ce famfo ya yi iska: duk wadda ta taɓa ƙarfen sai ta ji an fizge ta. Rahma maƙwabciyata ta yar da bokiti, ta rantse gobe rafi za ta. Rafin kuwa a bakin daji yake, inda yanzu ko maza ba sa zuwa sai da addu'a.

A cikin akwatin wutar famfon akwai wani sashe da ake zarowa kamar aljihun tebur, shi ke tafiyar da injin. Kullum da la'asar Bakoji mai gadi yakan zare shi ya kai gida saboda ɓarayi, da safe ya mayar.

Laraba ta kashe wuta, ta zaro shi, ta juya bayansa inda haƙoran ƙarfe masu shiga ramukan akwatin suke, sannan ta dubi Bakoji.

"Baba, cikin haƙoran nan akwai dogo. Ina tsawonsa?"

"Ni na gyara shi, 'yata. Gardama yake min wajen shiga, na sa masa zarto. Masu kamfani ba su iya awo ba."

"Ikon Allah! Baba, ai shi ne babban wansu. Shi ke fara shiga, shi ke fita ƙarshe. In wuta ta ɓalle, shi ke zubar da ita ƙasa. Yanzu bai kai raminsa ba, sai ta bi ta hannun Rahma."

Bakoji ya cire hula ya sosa ƙeya.

Laraba ta gano wata waya da ɓera ya ci, inda wutar ke ɓallewa, ta canza. Ta sa sabon haƙori, ta auna. Ta sa Bakoji ya maimaita sau uku: kashe wuta, busar da hannu, sannan zarewa.

Aka kunna, ruwa ya zubo, amma mata suka tsaya nesa.

"Ni na ɓata, ni zan fara," in ji Bakoji. Ya yi bisimilla, ya runtse ido, ya damƙe ƙarfen da hannu biyu. Ba abin da ya fizge shi.

"Baba, matsa mana," in ji Rahma, tana tura bokiti. "Kuma ka ba Injiniya zarton nan ta tafi da shi."